Lissafin Cika Tanki da Tsiyaye Shi: Ta Ina Kuskure Yake Shigowa?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya ta lissafi wadda da wuya a sami wanda ya ratsa makarantar sakandare bai gamu da ita ba. Akan ce: ga tanki, ga bututu biyu suna zuba ruwa a cikinsa, na farko shi kaɗai yana cika tankin cikin awa 4, na biyu kuwa cikin awa 6, to, idan aka buɗe su tare, awa nawa za a yi kafin tankin ya cika? A lokacin da muka fita koyon aikin koyarwa na jarraba wannan tambaya a kan 'yan aji uku na wata makaranta, bayan na juya ta zuwa Hausa, domin kada a ce Turanci ne ya hana su ganewa. Waɗansu suka tara 4 da 6 suka ce awa 10. Waɗansu suka raba goman biyu suka ce awa 5. Wani yaro mai natsuwa ya ce awa biyu da rabi, kuma ya kare amsarsa da hujja mai daɗin ji. Duk cikinsu babu wanda ya dace, ko da yake na ƙarshen ya kusa.

Abin lura shi ne, yaran nan sun san tarawa, sun san rabawa, kuma sun ji Hausar sarai. A ganina kuskuren yana shigowa ne ta yadda aka gina jimlar tambayar, domin kuwa jimlar tana faɗin lokaci, alhali abin da lissafin yake bukata shi ne saurin zubar ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi wannan tambaya daki-daki, a nuna yadda ake warware ta da sauran 'yan'uwanta, sa'an nan a nuna wurin da ƙa'idar littafi take rabuwa da tankin da ke bayan gida.

Abin da ake tarawa

Tun kafin a ɗauki alƙalami hankali yana iya kore amsa biyu na farko. Bututu na farko shi kaɗai yana gama aikin cikin awa 4, saboda haka babu yadda za a yi a kawo masa mataimaki sa'an nan aikin ya ƙara daɗewa. Ke nan amsa tilas ta gaza 4. Har ila yau, da bututun duka biyu masu awa 4 ne, da sun cika tankin cikin awa 2. Da kuma duka biyu masu awa 6 ne, da sun cika shi cikin awa 3. Tun da ɗaya mai 4 ne ɗaya mai 6, amsa tana tsakanin 2 da 3. Wannan ɗan awo na hankali ya kamata a riƙa yinsa kafin lissafi da bayan lissafi, don shi ne yake tona kuskure.

Yanzu sai a juya tambayar. Maimakon a ce awa nawa bututu yake yi ya cika tanki, sai a ce wane kaso na tanki yake cikawa cikin awa ɗaya. Wannan kaso shi za mu riƙa kira kason awa a cikin wannan maƙala. Bututun da ke cika tanki cikin awa 4 kason awarsa rubu'i ne, watau 1/4. Mai awa 6 kuwa kason awarsa sudusi ne, watau 1/6. Ruwan da bututu biyu suka zuba cikin awa guda yana haɗuwa a tanki guda, don haka kason awa ana iya tara shi. Awoyin kuwa ba a tara su, gama bututun biyu suna aiki ne a cikin lokaci ɗaya, ba wannan ya gama sa'an nan wancan ya fara ba.

Rubu'i da sudusi idan aka haɗa su sun zama 5/12. Watau a kowace awa ana cika kashi 5 daga cikin kashi 12 na tankin. Idan muka kira lokacin da muke nema x, to sai mu rubuta:

x × 5/12 = 1

Lamba 1 a nan tana nufin tanki guda cikakke. Daga nan x ya zama 12/5, watau awa 2 da humusi biyu na awa. Humusin awa minti 12 ne, saboda haka amsa ita ce awa 2 da minti 24. Yaron da ya ce biyu da rabi ya yi kuskure da minti 6 kawai, kuma dalilin kuskurensa shi ne ya nemi tsaka-tsakin lokutan biyu, ya manta cewa bututu mai sauri ya fi zuba ruwa a cikin kowane minti, don haka shi ne yake rinjayar amsa zuwa wajensa.

Wanda lissafin kashi-kashi yake ba shi wahala yana iya yi wa tankin girma na ƙaddarawa. A ce yana cin lita 1,200. Bututu na farko yana zuba lita 300 a awa, na biyu lita 200, jimla lita 500. A raba 1,200 da 500, a sami 2.4. A nan ma akwai wani rami da ɗalibai sukan faɗa: su karanta 2.4 a matsayin awa 2 da minti 4, ko minti 40, alhali kuwa ushuri huɗu ne na minti 60, watau minti 24. Da an ce tankin lita 2,400 yake ci, ko lita 60, da amsa ba ta canja ba. Wannan ne ya sa mai tambaya ba ya damuwa da faɗin girman tankin.

Ga bututu biyu akwai gajeriyar hanya: a ninka lokutan biyu, a raba da jimlarsu, watau 24 a raba da 10. Amma kada a ɗauke ta a kai wa bututu uku. Masu awa 2 da 3 da 6 suna cika tanki cikin awa 1 daidai, domin rabi da sulusi da sudusi sun haɗa ɗaya. Wanda ya ninka ukun ya raba da jimlarsu zai sami 36 bisa 11, fiye da awa uku, abin da hankali ba zai karɓa ba.

Asalin mas'ala

Mai karatu zai lura cewa ban ƙirƙiro kalmomin rubu'i da sudusi da humusi ba. Tsofaffin kalmomi ne a Hausa, an aro su daga Larabci, kuma wurin da suka fi zama da gindinsu shi ne ilmin rabon gado. Rabo shida da aka ƙayyade a wannan fanni su ne rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi. Idan mace ta rasu ta bar miji da uwa da ɗa namiji, miji yana da rubu'i, uwa tana da sudusi, saura na ɗa ne. Abu na farko da malami yake yi shi ne ya nemo lambar da 4 da 6 duka suke raba ta ba tare da saura ba, ita ce ake kira asalin mas'ala, kuma a nan 12 ce. Miji ya ɗauki 3, uwa ta ɗauki 2, ɗa ya ɗauki 7.

To, wannan 12 ɗin da wannan 3 da 2 ɗin su ne dai muka gani a tankinmu. Malamin zaure da ya ƙware a rabon gado ya riga ya mallaki rabin aikin, abin da ya rage masa kawai shi ne juyawar nan ta ƙarshe daga 5/12 zuwa 12/5. Ina ganin mai koyar da lissafi da Hausa zai yi asara idan ya bar wannan kalma ta asalin mas'ala ya tafi neman sabuwa, tun da ga ta a bakin mutane, kuma ma'anarta ta zo daidai. Dangantakar ma ba ta yau ba ce. Littafin da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban ɓangarensa na ƙarshe a kan matsalolin gado da wasiyya yake.

Idan ruwa yana fita

Bututun da ke fitar da ruwa shi ma yana da kason awa, sai dai ana ɗebe shi ne maimakon a tara. A ce bututu na farko yana cika tanki cikin awa 4, na biyu kuwa yana tsiyaye cikakken tanki cikin awa 6, aka bar su duka a buɗe. Rubu'i a ɗebe sudusi, watau 3/12 a ɗebe 2/12, saura 1/12. Tanki zai cika cikin awa 12. Mai karatu ya riƙe wannan amsa, domin za mu komo kanta.

Idan aka musanya lambobin, mai cikawa ya zama mai awa 6, mai fitarwa mai awa 4, sai lissafi ya ba da 1/12 a ƙasa da sifiri. Ɗalibi da yawa yakan tsorata a nan, ya goge alamar ɗebewa ya rubuta awa 12. Alamar kuwa magana take yi: tana cewa tankin raguwa yake yi. In babu kome a cikinsa ba zai taɓa cika ba, in kuwa cike yake zai ƙare cikin awa 12. Idan kuma shiga da fita suka zo daidai, saura sifiri ne, ba a kuwa raba lamba da sifiri, ma'ana ruwan yana nan inda yake har abada.

Amfanin wannan lissafi ya fi fitowa a wurin gano yoyo. Ga tanki mai cin lita 3,000 wanda inji ya saba cika shi cikin awa 5, yanzu kuma sai ya yi awa 6, alhali injin lafiyarsa lau. Maigida zai iya cewa awa ɗaya ba wani abu ba ne. Amma humusi a ɗebe sudusi ya bar 1/30, watau lita 100 ke zurarewa a kowace awa, jarka huɗu ke nan mai cin lita 25. A cikin awa shidan injin ya turo lita 3,600, tanki ya riƙe 3,000, lita 600 sun bi ƙasa. A duk cikawa guda ana asarar humusin tanki, ga kuma kuɗin mai ko na wuta na ƙarin awa guda.

Wani misalin kuma ya shafi duk gidan da ke da rijiyar burtsatse. An kawo wuta da ƙarfe 7 na yamma, kuma bisa al'ada akan ɗauke ta da ƙarfe 10. Inji yana cika tanki cikin awa 4, a tankin kuwa akwai sauran ruwa rubu'i. Mutanen gida idan suna ɗiba kamar yadda suka saba, suna ƙarar da cikakken tanki cikin awa 12. Shin tankin zai cika kafin a ɗauke wuta? Rubu'i a ɗebe 1/12 ya bar sudusi a kowace awa. Cikin awa 3 an sami rabin tanki. A haɗa da rubu'in da ke ciki, an sami 3/4. Bai cika ba. Amma idan aka rufe famfunan gida na waɗannan awa uku, inji zai zuba rubu'i uku a kan rubu'in da ke ciki, tanki ya cika daidai lokacin da wuta za ta tafi. Irin wannan tambaya mai hawa-hawa ba ta da wata sabuwar ƙa'ida. Abin da ake yi shi ne a fara tantance kason da ya rage a cika, sa'an nan a raba shi da kason awa na wannan matakin.

Inda aljabara take zama tilas

Duk misalan da suka gabata ana iya warware su da ka. Ga wanda ba ya yiwuwa sai da aljabara: bututu biyu tare suna cika tanki cikin awa 6, ɗaya kuwa shi kaɗai ya fi ɗayan daɗewa da awa 5. Awa nawa kowanne yake yi? A kira lokacin mai sauri x, na ɗayan ya zama x + 5. Sai a rubuta:

1/x + 1/(x + 5) = 1/6

Idan aka ninka ɓangarorin biyu da asalin mas'ala, watau 6 sau x sau (x + 5), sai a sami 12x + 30 = x² + 5x. A ɗebe 5x daga kowane ɓangare, wanda shi ne aikin da Alkhawarizmi ya kira muƙabala, a bar x² = 7x + 30. Wannan siga tana cikin sigogi shida da ya tsara a littafinsa, kuma hanyarsa ta warware ta ita ce: a raba 7 biyu a sami 3½; a ninka 3½ sau kanta a sami 12¼; a ƙara 30 a sami 42¼; a nemo lambar da idan aka ninka ta sau kanta za ta ba da 42¼, ita ce 6½; a ƙara mata 3½ ɗin farko, a sami 10. Mai sauri awa 10 yake yi, ɗayan awa 15. Ushuri da 1/15 idan aka haɗa sun ba da 5/30, sudusi ke nan, amsa ta tabbata. Hanyar makarantun yau tana fitar da amsa ta biyu, 3 a ƙasa da sifiri, sai a yar da ita domin babu bututun da ke cika tanki cikin irin wannan lokaci. Alkhawarizmi bai sha wannan wahala ba, gama lambobin da ke ƙasa da sifiri ba su cikin lissafinsa.

Tsufan tambayar

Tambayar tanki ta girmi aljabara kanta. A ƙasar Sin akwai littafin lissafi mai babi tara wanda aka kammala tattara shi wajen ƙarni na farko na Miladiyya, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekara ta 263. A babi na shida an kawo tafki mai magudana biyar: ta farko tana cika shi cikin sulusin kwana, ta biyu cikin kwana 1, ta uku kwana 2½, ta huɗu kwana 3, ta biyar kwana 5. Idan aka ƙaddara kwana 15, ta farko za ta cika tafki sau 45, ta biyu sau 15, ta uku sau 6, ta huɗu sau 5, ta biyar sau 3, jimla 74. Amsa ita ce 15/74 na kwana. A Indiya Bhaskara ya kawo irinta a littafinsa Lilawati, wajen 1150, da maɓuɓɓuga huɗu masu cikawa cikin rana guda da rabinta da sulusinta da sudusinta, amsa 1/12 na rana. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sa wa tambayar wata riga a littafinsa na 1202: zaki yana cinye tunkiya cikin awa 4, damisa cikin 5, wata dabbar daji ta uku cikin 6. Babu tanki babu ruwa, amma lissafin bai canja ba, amsa 60/37 na awa.

Wadda ta fi shafar mu ɗaliban harshe ita ce ta Girkawa. A cikin kundin gajerun waƙoƙinsu, a littafi na 14, an siffanta wani zaki na tagulla mai fitar da ruwa ta wuri huɗu: idon dama yana cika mazubi cikin rana 2, na hagu cikin 3, ƙafa cikin 4, baki kuwa cikin awa 6. A nan an gauraya rana da awa, saboda haka amsa ta rataya a kan awa nawa ne a rana. In awa 12 ce, baki yana cika mazubi sau 2 a rana, amsa ta zama awa 3 da 33/37. In kuwa awa 24 ce, baki yana cikawa sau 4, amsa ta zama awa 4 da 44/61. Mai fassara wannan tambaya zuwa Hausa ba shi da wurin ɓuya, domin Hausa ta bambanta yini da kwana, kuma duk wadda ya zaɓa ya riga ya yanke wa lissafin hukunci. Kalmar rana, wadda na yi amfani da ita a sama da gangan, ita ce mai ɗauke da shubuhar.

Tankin littafi da tankin bayan gida

Duk abin da muka yi daga farko zuwa nan ya dogara ne a kan sharaɗi guda wanda ba a cika faɗinsa ba: cewa kason awa ba ya canjawa, abin da bututu ya zuba ko ya fitar a awar farko shi zai yi a awar ƙarshe. Ga bututun da inji yake turo wa ruwa wannan sharaɗi ya kusa da gaskiya. Ga ruwan da ke fita da kansa ta ɓula ko famfo a gindin tanki kuwa, duk wanda ya taɓa tara bokiti a bakin ganga ya san ba haka ba ne. Idan ganga tana cike ruwa yana fitowa da ƙarfi, idan ta kusa ƙarewa sai ya koma tsiyaya.

Wanda ya auna wannan abu shi ne Evangelista Torricelli, mutumin Italiya, wanda ya zauna tare da Galileo a watannin ƙarshe na rayuwarsa, ya kuma buga bincikensa a 1644. Ya nuna cewa ruwa yana fita daga ɓula da saurin da abu zai samu in ya faɗo daga saman ruwan zuwa ɓular. Ma'anar wannan ita ce, idan zurfin ruwa ya koma rubu'i, saurin fita ya koma rabi. Idan zurfi ya koma tusu'i, sauri ya koma sulusi. Masarawan dā sun lura da alamar haka tun kafin a san ƙa'idar: agogon ruwa da aka samo a Karnak, na zamanin Fir'auna Amenhotep na Uku, bakinsa ya fi gindinsa faɗi, domin saman ruwan ya riƙa sauka kusan daidai-wa-daida duk da raguwar ƙarfin fita.

A tanki mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗinsa ɗaya ne sama da ƙasa, abin da ke biyo baya yana da ban mamaki. In cikakken tanki yana ƙarewa cikin minti 60, rabin sama yana fita ne cikin kimanin minti 18, rabin ƙasa kuwa ya ɗauki kimanin minti 42. A daidai minti 30 abin da ya rage rubu'i ne. Saurin fita a farkon buɗewa ninki biyu ne na matsakaicin saurin da littafi yake aiki da shi. Kowa yana iya jarraba wannan da gwangwanin madara da ƙusa da agogo.

Yanzu mu koma kan amsar da na ce a riƙe: mai cikawa awa 4, mai fitarwa awa 6, littafi ya ce awa 12. Idan mai fitarwar ɓula ce a gindin miƙaƙƙen tanki, wadda ke ƙarar da shi cikin awa 6, to lokacin da tankin yake cike tana fitar da sudusi biyu a awa, watau sulusi. Mai cikawa kuwa rubu'i kawai yake kawowa, sulusi kuma ya fi rubu'i. Saboda haka tankin ba zai taɓa cika ba. Ruwa zai yi ta hawa, fita tana ƙaruwa, har inda fita ta yi daidai da shiga. Rubu'i kashi 3 ne cikin 4 na sulusi, 3/4 sau 3/4 kuwa 9/16 ne, don haka ruwan zai tsaya a 9/16 na zurfin tankin, ya ɗara rabi da kaɗan. Haka nan ɗaya misalin, inda littafi ya ce tanki zai zauna babu kome: ɓular awa 4 tana fitar da rabin tanki a awa lokacin da yake cike, mai cikawa yana kawo sudusi, sudusi kuwa sulusin rabi ne, sai ruwa ya taru ya tsaya a tusu'in zurfi. A misalin yoyo ma, lita 600 da aka rasa gaskiya ce, tun da an san abin da ya shiga da abin da ya zauna. Amma lita 100 a awa matsakaici ne na lokacin cikawa, in yoyon a gindi yake to asarar ta fi haka sa'ad da tankin yake cike.

Wannan bai rushe ƙa'idar littafi ba, iyakarta kawai ya nuna. Tana aiki sosai idan inji ne yake zuƙe ruwan. Tana kuma kusa da daidai idan tankin yana kan dogon ƙarfe, famfo yana can ƙasa: in tsawon ƙarfen mita 10 ne, zurfin tankin mita 1, to tazarar da ke tsakanin saman ruwa da bakin famfo tana sauka ne daga mita 11 zuwa 10, bambancin sauri bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba. Wurin da take kuskure ƙwarai shi ne ganga ko tankin da ke zaune a ƙasa da ɓula a gindinsa, wanda kuwa shi ne hoton da yakan zo wa yaro a zuci idan ya ji an ce tanki yana yoyo. Don haka mai tsara irin wannan tambaya da Hausa, ko don jarrabawa ko don littafin makaranta, ya kamata ya ce inji na biyu yana zuƙe cikakken tanki cikin awa 6, ko kuwa ya ƙara da cewa a ƙaddara saurin fitar ruwan ba ya canjawa. In ya ce akwai ɓula a gindin tankin, sa'an nan ya nemi a ba shi awa 12, to yaron da ya amsa cewa tankin ba zai cika ba shi ne ya ci makin.